Daga ajin share fagen likitanci zuwa kasuwar jari: yadda ɗalibai a Amurka ke shiga aikin zuba kuɗi a harkar lafiya

A watan Nuwamban 2011, kamfanin haɗa magunguna na Gilead da ke Amurka ya sanar cewa zai sayi wani ƙaramin kamfani mai suna Pharmasset a kan kimanin dala biliyan 11. A lokacin Pharmasset ba shi da ko ƙwayar magani ɗaya a kasuwa. Abin da ya mallaka shi ne wani maganin ciwon hanta nau'in C da ake kan gwadawa a jikin mutane. Masu hannun jari da dama sun ga kamar Gilead ya yi wauta, har darajar hannun jarinsa ta faɗi a ranar da aka yi sanarwar. Bayan shekaru biyu hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da maganin, aka sa masa suna Sovaldi. A 2014 kaɗai cinikinsa ya haura dala biliyan 10.

Kafin a ƙulla ciniki irin wannan, akwai waɗanda ke kwana a kan sakamakon gwajin magani, suna auna ko zai yi aiki, majinyata nawa zai kai gare su, da nawa ya kamata a biya. Wannan shi ne aikin zuba jari a harkar lafiya. Yana buƙatar mutum ya iya karanta takardar likita, ya kuma iya karanta littafin akanta. Shi ya sa ɗaliban da suka haɗa karatun harkokin kuɗi da darussan share fagen likitanci ke ganin an yi aikin ne dominsu. Daga cikin irin waɗannan ɗalibai akwai ƴaƴan mutanen Afirka ta Yamma da ke zaune a unguwanni kamar Bronx ta birnin New York, waɗanda iyayensu suka daɗe suna jiran ranar da za a ce ɗansu ko ƴarsu likita.

Sai dai haɗa fannonin biyu a takardar sakamako ba ya buɗe ƙofa shi kaɗai. Hanyar tana da lokacinta, tana da sharuɗɗanta, kuma wanda bai san su da wuri ba yakan wayi gari ya rasa duka biyun.

Mene ne karatun share fagen likitanci?

A Nijar, Kamaru da Chadi, wanda ya samu bakaloriya yakan shiga tsangayar likitanci kai tsaye, kamar ta Jami'ar Abdou Moumouni da ke Yamai ko ta Jami'ar Yawunde ta ɗaya, ya yi shekaru bakwai zuwa takwas. A Najeriya da Gana ma kai tsaye ake shiga, a yi shekaru shida. A Amurka ba haka tsarin yake ba. Dole ɗalibi ya fara kammala digirin farko na shekaru huɗu, sannan ya nemi makarantar likitanci ta wasu shekaru huɗu, sannan horon ƙwarewa a asibiti na shekaru uku zuwa bakwai.

Abin da Amurkawa ke kira firi-med ba digiri ba ne. Jerin darussa ne da makarantun likitanci ke sharɗantawa: ilimin halittu, ilimin sinadarai, fizik, sinadaran jikin mai rai, da ɗan lissafi. Ɗalibi na iya yin digirinsa a tarihi ko a harkokin kuɗi, muddin ya ɗauki waɗannan darussa ya kuma zauna jarabawar MCAT. Masu bin tsarin Faransa za su gane kamannin abin da sauyin da aka yi a can a 2020, inda aka buɗe hanyar L.AS, wadda ke ba ɗalibin lisans na tattalin arziki ko shari'a damar ɗaukar darussan lafiya ya nemi shiga likitanci.

Dalilan da ke sa wasu ɗalibai waiwayar kasuwar jari a bayyane suke. Ƙasa da rabin masu neman makarantar likitanci a Amurka ne ke samun gurbi kowace shekara. Waɗanda suka kammala da bashi, matsakaicin abin da ake bin su ya kai kimanin dala dubu 200, wato fiye da sefa miliyan 100. A ɗaya ɓangaren kuma, a 2023 Amurka ta kashe kimanin dala tiriliyan 4.9 a kan lafiya, kusan kashi 18 cikin 100 na duk abin da tattalin arzikinta ke samarwa. Inda kuɗi ya taru haka, dole a samu masu sana'ar juya shi.

Ƙofofi huɗu

Ƙofa ta farko ita ce bankunan hada-hadar jari. Aikinsu ya yi kama da na dillali a kasuwar shanu: su haɗa mai saye da mai sayarwa, su taya a yanke farashi, su karɓi la'adarsu. Manyan bankuna kamar Goldman Sachs, J.P. Morgan da Morgan Stanley suna da sashen lafiya, haka ma irin su Centerview, Jefferies da Leerink da suka yi suna a fannin. Nan ne mafi yawan masu digirin farko ke farawa a matsayin ƙaramin manazarci, na tsawon shekaru biyu ko uku. Tun 2021 albashin farawa a manyan bankuna ya kai wajen dala dubu 110 a shekara, ban da garaɓasar ƙarshen shekara. Amma kuɗin ba na banza ba ne. A shekarar ce wani rahoto da wasu sababbin ma'aikatan Goldman Sachs 13 suka haɗa ya fita fili, inda suka ce suna yin aikin kimanin sa'o'i 95 a mako.

Ƙofa ta biyu ita ce nazarin hannayen jari. A nan ma'aikaci yana bibiyar wasu kamfanoni da aka ba shi, yana rubuta rahoto a kan ko a sayi hannun jarinsu ko a sayar. A ɓangaren kamfanonin ƙirƙirar sababbin magunguna, ilimin kimiyya ya fi daraja a wannan ƙofa fiye da ta farko, don haka masu digirin likita da masu digirin digirgir sun yi yawa a cikinta.

Ƙofa ta uku ita ce asusun da ke juya kuɗin attajirai, jami'o'i da hukumomin fansho a kasuwar hannun jari. Akwai waɗanda ba sa taɓa komai sai lafiya, kamar OrbiMed, Deerfield, Perceptive, RA Capital da Baker Brothers. Duba tarihin masu su yana nuna irin mutanen da ake nema. Peter Kolchinsky na RA Capital digirin digirgir ya yi a ilimin ƙwayoyin cuta na bairos a Harvard. Felix Baker ya yi nasa a ilimin garkuwar jiki a Stanford, ya kuma yi shekaru biyu a makarantar likitanci kafin ya koma harkar jari tare da ɗan'uwansa Julian. Asusunsu ya kasance cikin manyan masu hannun jari a kamfanin maganin kansa na Seagen, wanda Pfizer ya saya a 2023 a kan dala biliyan 43.

Ƙofa ta huɗu ta rabu gida biyu. Akwai masu jarin kasada, waɗanda ke sa kuɗi a kamfani tun yana tsiro. Misali shi ne Flagship Pioneering na Noubar Afeyan, wanda ya kafa Moderna a 2010. Moderna ya shekara goma ba shi da abin sayarwa, sai a ƙarshen 2020 da rigakafinsa na korona ya fito. Akwai kuma masu sayen kamfani ɗungurungum, kamar KKR da Bain Capital, waɗanda ke sayen asibitoci, dakunan gwaji da gidajen kula da tsofaffi, yawanci da kuɗin aro, su sauya yadda ake tafiyar da su, su sayar bayan wasu shekaru. Wuya ne ɗalibi ya faɗa wannan ƙofa daga jami'a kai tsaye. Akasari sai ya yi shekaru biyu a banki ko a kamfanin ba da shawara kan harkokin kasuwanci.

Abin da ake saye a wurin ɗalibin

Kimanin magani ɗaya ne cikin goma da aka fara gwadawa a jikin mutane ke kaiwa ga samun amincewar hukuma. Gwajin yana da mataki uku. Na farko mutane kaɗan ne, don a ga ko maganin na cutarwa. Na biyu ya fi yawa, don a ga alamar yana aiki da kuma adadin da ya dace a sha. Na uku na iya haɗa ɗaruruwa ko dubban majinyata, kuma shi ne mafi tsada. Haƙƙin mallakar ƙirƙira shekaru 20 ne daga ranar da aka nema, kuma gwaje-gwaje kan cinye kusan rabinsu. Da zarar ya ƙare, wasu kamfanoni za su fito da kwatankwacin maganin a araha.

Ga yadda lissafin ke tafiya, da alƙaluman misali. A ɗauka wata cuta tana da majinyata dubu 100, maganin zai kai ga kashi 20 cikin 100 daga cikinsu, kowane a kan dala dubu 10 a shekara. Cinikin shekara ya zama dala miliyan 200. Amma maganin yana mataki na biyu ne. Idan aka ƙiyasta damar nasararsa a kashi 15 cikin 100, abin da za a rubuta a lissafi dala miliyan 30 ne. Daga nan a cire kuɗin gwajin da ya rage, a kuma rage darajar kuɗin saboda sai bayan shekaru za su shigo.

Duk wanda ya karanci harkokin kuɗi zai iya wannan ninkawa da ragewa. Inda ake bambanta shi ne wannan kashi 15. Ɗalibin da ya zauna ajin ƙididdiga da ilimin halittu zai buɗe rahoton gwajin ya tambaya: mutum nawa aka gwada? An kwatanta su da wasu da aka ba maganin wofi? Abin da aka auna, tsawon rai ne ko wata alama ce kawai a jini? Mutum nawa suka janye saboda illa? Idan ya gano majinyata 40 ne kacal kuma ba a kwatanta su da kowa ba, zai iya sauke ƙiyasin zuwa kashi 8, darajar kamfanin ta ragu da kusan rabi. Wannan hukunci shi ake biya.

Labarin Theranos ya nuna abin da rashinsa ke jawowa. Kamfanin ya yi iƙirarin zai iya gwaje-gwaje masu yawa da ɗigon jini daga yatsa, har aka ƙiyasta darajarsa a dala biliyan 9 a 2014. Manyan kuɗin sun fito ne daga attajirai irin su Rupert Murdoch da iyalan Walton, ba daga asusun da suka ƙware a harkar lafiya ba. Binciken jaridar Wall Street Journal a 2015 ya tona asirin cewa na'urar ba ta yin abin da aka ce. A 2022 kotu ta samu shugabar kamfanin, Elizabeth Holmes, da laifin damfarar masu jari, aka yanke mata ɗaurin fiye da shekaru 11.

Agogo biyu da ba sa jiran juna

Babbar matsalar ɗalibin da ya riƙe fannoni biyu ita ce lokaci. Bankuna suna ɗaukar mafi yawan sababbin ma'aikatansu ne daga cikin waɗanda suka yi musu horon sanin makamar aiki na kimanin mako goma, abin da masu karatun Faransanci ke kira istaj, a hutun bazarar da ke tsakanin shekara ta uku da ta huɗu. Amma neman gurbin wannan horo yana farawa tun ɗalibi yana shekara ta biyu, fiye da shekara guda kafin lokacin. Wanda ya bari sai ya shiga shekara ta uku yakan tarar an cike guraben.

A daidai wannan lokaci ne kuma hanyar likitanci ke neman nata haƙƙin. Shekara ta biyu ita ce ta darussan sinadarai masu ka da ɗalibai. Hutun bazara lokacin aikin sa-kai ne a asibiti da bincike a ɗakin gwaji. MCAT kuma akan zauna ta wajen ƙarshen shekara ta uku. Hausawa na cewa taura biyu ba ta taunuwa. Maki mai rauni yana rufe ƙofar banki, yana kuma rufe ta makarantar likitanci.

Mafita ita ce a tsara su bi da bi. Wanda zuciyarsa ta karkata ga jari zai iya ba neman horon banki fifiko a shekara ta biyu, ya ci gaba da darussan kimiyya, ya jinkirta MCAT. Makarantun likitanci na Amurka sun saba da masu zuwa bayan sun yi shekara ɗaya ko biyu suna wani aiki. Abin lura kawai, yawancinsu ba sa karɓar sakamakon MCAT da ya wuce shekaru biyu zuwa uku, saboda haka babu amfanin zama jarabawar da wuri ga wanda zai yi zagaye.

Sai abin da za a nuna. Mai ɗaukar aiki ya ga ɗaruruwan takardu da ke cewa "ina sha'awar lafiya da kuɗi". Abin da bai cika gani ba shi ne ɗalibin da ya ɗauki kamfani ɗaya ya rubuta shafi biyu a kansa: ga maganin, ga abin da gwaji ya nuna, ga abokan gasa, ga kuɗin da ya rage wa kamfanin da watannin da za su kai shi, ga darajar da nake gani, ga kuma abin da zai nuna na yi kuskure. Kayan aikin kyauta ne. Duk kamfanin da ke kasuwar hannun jarin Amurka dole ya ajiye rahotonsa na shekara a rumbun EDGAR na hukumar SEC. Bayanan gwaje-gwaje suna shafin ClinicalTrials.gov. FDA ma tana wallafa bitar da masananta suka yi wa magungunan da ta amince da su.

Da wannan takarda a hannu ake neman tsofaffin ɗaliban jami'a da ke cikin sana'ar, a roƙi minti goma sha biyar na hira ta waya. Yawancin saƙonnin ba za a amsa su ba. Kaɗan da aka amsa su ne ke kai sunan ɗalibi teburin masu tantancewa. A wurin ganawa za a tambaye shi yadda rahotannin kuɗi uku na kamfani ke haɗuwa, yadda ake ƙiyasta daraja, da tambayar da ba ta taɓa faɗuwa: me ya sa ba likitanci ba? Amsar da ke nuna an gudu ne saboda wahala ba ta samun karɓuwa a wurin da ake kwana a ofis.

Ko sai an zama likita tukuna?

Amsar ta danganta da ƙofar. A banki da kamfanonin sayen asibitoci ba a buƙatar digirin likita, kuma shekarun da aka ƙara a makaranta ba sa ƙara matsayi sosai. A nazarin kamfanonin sababbin magunguna da jarin kasada, digirin likita ko na digirgir yana da nauyi, domin da masana kimiyya ake zama a tattauna. Jami'o'i da dama suna da shirin haɗin gwiwa na likitanci da MBA a shekaru biyar. Akwai kuma jarabawar CFA mai matakai uku, wadda ake girmamawa a ɓangaren nazari da juya asusu, amma ba ta maye gurbin horon aiki.

Vivek Ramaswamy, wanda duniya ta fi sani da siyasa, ya bi hanyar da ba ta ratsa asibiti ba. Ya kammala digirin ilimin halittu a Harvard a 2007, ya shiga asusun QVT yana kula da jarin magunguna, ya kafa Roivant a 2014. Wani reshen kamfanin, Axovant, ya sayi maganin cutar mantuwa ta Alzheimer daga GSK a kan dala miliyan 5 na somin-taɓi, ya tara fiye da dala miliyan 300 a kasuwar hannun jari a 2015. A watan Satumban 2017 maganin ya faɗi gwajin mataki na uku, hannun jarin ya zube da kusan kashi uku cikin huɗu a rana ɗaya. A wannan sana'a hatta waɗanda suka iya suna yin asara sau da yawa.

Wanda kuma abin da ke ransa shi ne ya duba majinyaci, ya san cewa a aikin jari ba zai taɓa riƙe hannun marar lafiya ba. Wannan tambaya ce da kowa zai amsa wa kansa kafin ya je yi wa iyaye bayani.

Inda amana ke shigowa

Mai ilimin likita a kasuwar jari yana kusa da bayanan da ba kowa ke da su ba, kuma doka tana da tsauri a kan haka. A 2008 wani likitan ƙwaƙwalwa na Jami'ar Michigan, Sidney Gilman, ya tsegunta wa Mathew Martoma na asusun SAC Capital sakamakon gwajin wani maganin Alzheimer kafin a bayyana shi. Asusun ya sayar da hannayen jarinsa, ya ci riba ya kuma kauce wa asarar da jimillarsu ta kai kimanin dala miliyan 275. A 2014 aka yanke wa Martoma ɗaurin shekaru tara.

Akwai kuma abin da doka ba ta hana ba amma yake taɓa rayuka. Sovaldi ya warkar da mutane masu ɗimbin yawa, amma an sa masa farashin dala dubu 84 na mako 12 a Amurka, wato dala dubu a kan kowace ƙwaya. Sai da Gilead ya ba kamfanonin Indiya izinin yin kwatankwacinsa a 2014 ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi suka samu sauƙi. Rukunin asibitocin Steward, wanda ya samo asali daga cinikin da Cerberus ya yi a 2010, ya sayar da filaye da gine-ginen asibitocinsa ya koma biyan haya, ya durƙushe a watan Mayun 2024 da asibitoci fiye da 30, har aka rufe biyu a jihar Massachusetts. Shugabansa na lokacin, Ralph de la Torre, likitan tiyatar zuciya ne. Wani bincike da mujallar likitoci ta JAMA ta wallafa a ƙarshen 2023 ya gano cewa matsalolin da majinyata ke gamuwa da su a kwance, kamar faɗuwa da kamuwa da wata cuta, sun ƙaru da kimanin kashi 25 cikin 100 a asibitocin da masu sayen kamfani suka karɓa.

Ga ɗalibin da ke kiyaye hukuncin kuɗin ruwa, bambancin ƙofofin yana da muhimmanci. Sayen hannun jari tarayya ce a riba da asara, irin wadda ƴan kasuwarmu suka sani tsakanin mai jari da mai juyawa. Sayen kamfani da kuɗin aro kuwa a kan bashi mai ruwa aka gina shi. Ya kamata a san wannan kafin a zaɓa.

Ga wanda ke Yamai, Garwa, Njamena ko Kumasi

Ɗalibin da ba ɗan ƙasa ba ne a Amurka yana da ƙarin shinge. Makarantun likitanci kaɗan ne ke karɓar baƙi, kuma ba a ba su rancen karatu na gwamnatin tarayya. Bayan digiri ana ba da izinin aiki na wata 12, da ƙarin wata 24 ga masu fannonin kimiyya, fasaha da lissafi. Don haka abin da aka rubuta a takardar digiri yana iya zama bambancin shekara ɗaya da shekaru uku. Bizar aiki ta H-1B guda dubu 85 ake bayarwa a shekara, masu nema kuma sun ninka haka. A watan Yunin 2025 gwamnatin Donald Trump ta hana ƴan ƙasashe 12 shiga Amurka, ciki har da Chadi da Sudan, sannan a Disamba ta ƙara da Nijar, Mali da Burkina Faso.

Amma sana'ar ba a Amurka kaɗai take ba. A Afirka manyan masu zuba jari a lafiya su ne cibiyoyin raya ƙasa: IFC ta Bankin Duniya, Proparco ta Faransa, BII ta Birtaniya, Bankin Raya Afirka da Afreximbank, wanda ya buɗe babban asibitin ƙwararru a Abuja a 2025. Hukumar NSIA mai juya asusun ajiyar Najeriya ta kafa cibiyar gwaje-gwaje a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. A Gana, kamfanin mPharma da Gregory Rockson da abokansa suka kafa a 2013 ya tara jari daga waje don gyara yadda magani ke isa kantuna. Dakta Ola Brown, wadda ta kafa Flying Doctors a Najeriya, likita ce da ta koma zuba jari a kamfanonin lafiya. A Yunin 2024 aka ƙaddamar da wani shiri na Gavi a Paris, na kimanin dala biliyan 1.2 cikin shekaru goma, don tallafa wa masu yin rigakafi a Afirka, nahiyar da ke samar da kusan kashi 1 cikin 100 na rigakafin da take amfani da shi, take kuma burin kai wa kashi 60 nan da 2040.

Nan ma an ga rana an ga dare. Asusun lafiya na Abraaj, na dala biliyan 1, ya tara kuɗi daga Gidauniyar Gates, IFC, Proparco da wasu. A 2018 masu jarin suka nemi a binciki inda kuɗinsu ya shiga, kamfanin ya ruguje, TPG ya karɓi asusun a 2019 da sunan Evercare. Asibitin Evercare da ke Lekki a Legas ya buɗe a 2021.

Lissafin yankinmu ya sha bamban da na Boston. A can tambayar ita ce ko sabon magani zai yi aiki. A nan tambayar ita ce wa zai biya, tunda mafi yawan iyalai daga aljihunsu suke biyan magani, kuma ƙasashe kaɗan ne suka cika alƙawarin Abuja na 2001 na ware wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi. Mai nazarin wani kilinik ko ɗakin gwaji a nan zai duba majinyata nawa ke zuwa a rana, nawa ake bin inshora da gwamnati, nawa man janareta ke ci, da abin da zai faru in kuɗin ƙasa ya faɗi alhali da dala ko yuro aka sayo na'urori. Hanyar shiga kan bi ta kamfanonin binciken kuɗi, bankuna, shirye-shiryen matasan ma'aikata na cibiyoyin raya ƙasa, ko karatun tattalin arzikin lafiya a makarantu irin CESAG da ke Dakar. Wanda ke jin Faransanci da Ingilishi, ya kuma iya zama da mai kantin magani a Maraɗi ko Garwa ya tambaye shi da Hausa yadda ciniki ke tafiya, yana da abin da manazarcin da aka turo daga Landan ba shi da shi.

Ko a New York ne ko a Dakar, matakin farko iri ɗaya ne, kuma bai buƙatar biza. Ɗalibi ya zaɓi kamfanin magani ɗaya ko asibiti ɗaya, ya karanta duk abin da aka wallafa a kansa, ya rubuta shafi biyu, ya kai wa likita ya duba kimiyyar, ya kai wa akanta ya duba lissafin. Idan bayan an yi masa gyara ya ji yana son ɗaukar na biyu, to ya samu amsar da zai ba iyayensa da mai ɗaukar aiki. Idan kuma ya ga hankalinsa yana komawa kan majinyatan da ke cikin rahoton fiye da farashin, gara ya koma ga littattafan MCAT tun lokaci bai ƙure ba.